Wankin da Na Yi a Kan Dutse

Tsufa ya kwashe mini abubuwa da yawa, amma ba zan taɓa mantawa da tafiyar ƙarshe da na yi da maigidana ba, Allah ya ji ƙansa. Ban yi karatu ba, faɗa nake ana rubutawa, kuma na ce kada a rage mini wautata ko kaɗan.

Lokacin shekara biyu ke nan da sojoji suka sauka daga mulki. Maigidan nawa, Malam, mahauci ne, ya yi shekara arba'in yana sana'arsa a Agege kafin ciwo ya shanye masa ɓarin jiki. Abin da ya fi ciwon cin ransa shi ne cikinsa ya daina jin maganarsa. Ni kaɗai na sani. Ko 'ya'yanmu ban bari sun gane ba. In na yi wanki, a ɗaki nake shanyawa, bayan ƙyaure.

Sai ɗanmu Sani, mai tuƙa babbar mota a Ijora, ya ji labarin wani ruwa da ke fitowa daga dutse can cikin ƙasar Yarbawa, wai masu ciwon ƙafa suna samun sauƙi a wurin, kuma akwai masaukin baƙi. Ya ɗauki shatar mota ya kai mu.

Masaukin dai kyansa a hoto ya tsaya. Kuɗin kwana ɗaya ya kai hayar ɗakinmu ta wata uku, ga fanka ba wuta, ga katifa tana warin fumfuna. Da aka kawo shinkafa, Malam ya duba naman da ke kai ya ce, "Asabe, wannan ai a teburina gyara ne." Amma babban abin shi ne famfo. Muna jin ƙugin ruwa ta taga, na murɗa famfon bayi, sai iska. Sani ya je ofis, aka ce masa inji ya lalace tun bara, amma ana sayar da ruwa a bokiti, mai kawowa kuma ya tafi kasuwa.

Da safe abin da nake tsoro ya faru. Na goge Malam da sauran ruwan butarmu, na canja masa kaya, na naɗe wandon a leda na ɓoye cikin mayafi. Sani ya goya shi, don matakalar zuwa wurin ruwan duk ta farfashe, ya zaunar da shi kan wani dutse a bakin ruwan, ƙafafunsa a ciki. Daga nan ya koma ofis rigimar bokiti.

Wurin cike yake da mutane. Masu fararen kaya suna addu'a, wasu na ɗaukar hoto, wasu na sha da tafin hannu, wasu na cika jarka za su kai wa marasa lafiya a gida. A ƙauyenmu, in mace za ta wanke abin kunya a rafi, nesa take yi da idon jama'a. To nan ƙasa ko'ina ido ne. Sai na bi wata 'yar hanya na hau sama (ni da ba na shiga motar haya ta danfo sai an ja ni), na sami wani lungu a bayan duwatsu, ba kowa. Har hamdala na yi. Na fito da sabulu, na durƙusa na hau cuɗa. Wallahi ko sau ɗaya ban tambayi kaina inda ruwan yake gangarawa ba.

Kumfa ce ta tona ni. Na ji hayaniya daga ƙasa, sai usur, sai ga mai gadi da sanda, mutane na biye da shi. Ya sa sandar ya ɗaga wandon, ko rabin fita bai yi ba, ya tasa ni gaba har ƙasa yana riƙe da shi sama kamar tuta. Wani yana kakarin amai. Wata mata tana tuttular da jarkarta tana kuka, ashe ɗanta ne ke kwance a asibiti. Manajan wurin, wanda tun jiya ake ce wa Sani ba ya nan, sai ga shi har da taye a wuya.

Ya tambaye ni da Yarbanci, "Mama, na wane ne wannan?"

Malam yana zaune taku biyar daga inda muke, kuma ya fi ni jin Yarbanci. Mutumin da in ya shiga kasuwa mahauta ke miƙewa tsaye.

Na ce, "Nawa ne, oga. Tsufa ne, ba na iya riƙe cikina."

Wandon shadda ne fa, mai aiki a ƙafa, mata biyu irina za su shige ciki. Wasu suka yi dariya, wasu suka tofar da yawu. Matar nan ta faɗa mini maganar da ba zan sa a rubuta ba, kuma da gaskiyarta. Ana cikin haka Sani ya iso. Ya dubi wandon, ya dube ni, ya sunkuyar da kai. Shi ya ɗinka wa babansa shi da Sallah.

Aka ci mu tara, aka ce mu tattara kafin azahar. Muka shiga mota, muka kama hanya har muka wuce Ibadan. Can Malam ya juyo da ƙyar, da bakin nan nasa da ya karkace, ya ce, "Asabe, tun yaushe kike sa mini wando ban sani ba?"

Na fara dariya, ta koma kuka. Ya riƙe hannuna a gaban Sani, abin da bai taɓa yi a gaban ɗa ba. Sati bakwai bayan nan ya rasu, har yau kuma ban saba da rashinsa ba.

Da furfurata na koyi cewa in ka sami lungun da ba mai ganinka, ka leƙa ƙasa tukuna ka ga wa ke shan ruwan. Ɗan matar nan ko sunansa ban sani ba, amma kullum ina haɗa shi da Malam a addu'a. Iyakar wankin da ya rage zan iya yi ke nan.