Hoda a Kan Hujin Allura

Har yau abin yana ƙona mini rai. Da safen auren 'yar fastonmu na murje fuskata da abin nan mai ƙananan allurai na goge tabon ƙuraje, na lafta hoda a kai.

Ƙanwata Rifkatu ta ce, "Yaya, fatar a huhhuje take fa, za ta shanye hodar."

Na ce, "Ke kika haife ni?"

Ina tsakiyar ba da waƙa a gaban matan zumuntar cocinmu gumi ya karyo, fuska ta ɗau raɗaɗi, ta yi rudu-rudu. Wata tsohuwa daga Kagoma ta leƙo, ta ce, "Yesu! Kamar citta!"

Fuskar ta warke tuni, amma marasa mutuncin kasuwar Kafanchan ba su daina tambayata yaushe za a tono cittar bana ba.