Minti Biyu da Sunayen Manoman Kuta

Sati uku abokin aikina Malam Ndagi ya yi yana shigar da sunayen manoman Kuta da za a raba wa taki a kwamfuta. Na ce ya matsa, cikin minti biyu zan jera su ƙauye-ƙauye da Python, yaren ba kwamfuta umarni.

Na gyara zama na rubuta, amma na ba sabon fayil sunan tsohon. Kwamfuta ta share komai kafin ta karanta.

"Injiniya, ina manoman?" in ji shi.

Sau huɗu na sake gwadawa, fayil fari fat. Na rantse sai na dawo da su, na kwana tara ina kwafa daga takarda.

Har yau in na yi sallama, sai ya zare filashin da yake ajiye aikinsa daga kwamfuta ya sa a aljihu, sannan ya ce, "Minti Biyu, an iso?"