Tukwicin da Ya Ci Mana Inji

Duk abin da tsufa zai kwashe mini, ba zan taɓa mantawa da wata Laraba ba, a kakar da ta biyo bayan yanke mana jiha daga Kaduna. Lokacin ni ce shugabar mata masu man gyaɗa a garinmu, tsakanin Malumfashi da Dayi. Ba don na fi kowa hankali aka naɗa ni ba. Baki ne da ni, ga shi kuma na gama ajin yaƙi da jahilci ina da shekara arba'in da ɗoriya, har ina karanta takarda in ba a yi mini gaggawa ba.

Sabuwar gwamnati na ta neman abokan ciniki a ƙasashen waje. Sai aka ce wata ƙasar Turawa, irin waɗanda ba su san soja a kan mulki ba sai ƙuri'a, za ta riƙa sayen kayan gonarmu, kuma za ta ba mata injin matsar mai. Ɗaya ne tak a shiyyarmu. Babban baƙo zai zo ya gan mu, ya ga matan wajen Dandume, sannan ma'aikatan jiha su rubuta inda za a kai shi. Wanda bai taɓa tsayawa kan turmi yana juya tunkuza daga hantsi zuwa la'asar ba, ba zai gane abin da injin nan yake nufi a wurinmu ba. Har yau in hadari ya haɗu sai kafaɗuna sun sanar da ni.

Malama Rahila, wadda ta koya mana karatu (a makarantar mishan ta yi nata, tana jin Turanci), ita ta taya ni tsara jawabi. Mako biyu ina bitarsa, har kajin gidana suka haddace.

Ranar, motar ma'aikatan jiha ta tsaya gaisuwa a Malumfashi, ta baƙin kuwa ta wuto kai tsaye. Mutum biyu suka fito. Ɗaya dogo ne mai tumbi, da kwat da tabarau da jakar fata. Ɗayar kuwa 'yar tsohuwa ce guntuwa, kai duk furfura, da takalmin kambas, ta zagaya bayan mota ta rungumo kwali da kanta. To, jama'a, ku a cikinsu wa za ku ba kujera?

Kujera ɗaya muka aro mai katifa, ta hedimasta. Na zaunar da mai tumbi. Ya yunƙura zai tashi yana nuna tsohuwar, na danne masa kafaɗa. "Zauna, ranka ya daɗe, ai za a kula da ita."

Na kuwa kula da ita. Na karɓi kwalin (littattafai ne da fensira, kyautar ƙasarsu ga ajinmu), na ce mu ba marasa tarbiyya ba ne, wanda ya ɗauko kyauta ba ya komawa hannu banza. Na kwance bakin zanena, na ciro 'yar kobo hamsin ta takarda, na damƙa mata, na ɗora ƙuli-ƙuli a kai. "Ungo tukwici, baiwar Allah. Allah ya yi miki albarka."

Malama Rahila ta ja mini mayafi. "Goggo, tsaya, kamar na ji mutumin nan yana cewa..."

"Rahila, karatu kika koya mini, ba karɓar baƙi ba."

Ta saki mayafin. (Kowa a garin ya san in na ɗauki wannan murya, shiru ya fi lafiya.)

Na buɗe takarda na fara: "Ya mai girma wakilin ƙasa mai albarka." Mai tumbi sai zufa yake yi, ni kuwa ina jin daɗi, na ɗauka jawabin ne ke ratsa shi. Tsohuwar ta matso kusa tana saurare, har ta tare mini shi. Na dakata na ce, "Matsa can, manya na magana." Na nuna mata inda mata ke aiki. Ta tafi abinta ba musu. Kafin in kai shafi na biyu, har an miƙa mata taɓarya tana juya tunkuza, mata na ta shewa: "A'a, Baturiya da ƙarfi! Ƙara ruwan zafi, Iya!"

A haka motar gwamnati ta iso. Babban jami'in ya sauko, ya wuce ni, ya wuce mai tumbi ko kallo babu, ya nufi turmi da sassarfa, ya cire hula ya rusuna. Daga nan na naɗe takardar jawabina.

"Hajiya," ya ce da ni, "wa ya sa jakadiyar ƙasa guda daka?"

"Ita ce...? To wannan fa?"

"Akawunta ne!"

Sai ya hango kuɗin da jakadiyar ta soke a aljihun rigarta, duk mai ya ɓata. Ta tambayi Malama Rahila ma'anarsa, aka yi mata bayanin tukwici. Ta yi dariya har da riƙe ƙugu. Ta ce a gaya mini ban yi kuskure ba, ita 'yar aike ce, mutanen ƙasarta suka aiko ta, kuma duk yawon da ta yi ba wanda ya taɓa biyan ta ladan ɗauko kaya sai ni. Ta ƙi mayar da kuɗin. Ƙuli-ƙulin ma ta cinye.

Ita ta yi dariya, amma ba ita ke riƙe da alƙalami ba. Jami'in ya ja ni gefe ya ce, "Kin kunyata jiha a gaban duniya." Bayan wata biyu muka ji inji ya sauka wajen Dandume. An ce a rahoto an rubuta cewa ƙungiyarmu ba ta da tsari.

Muka koma kan turmi, shekara da shekaru. Ba wadda ta zage ni, da ma zagin suka yi da ya fi mini sauƙi. Sai dai in hannu ya gaji, wata ta miƙe tana dafa baya ta ce, "Shugaba, mu ba tukwici?"

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni ce mai tsayawa a kasuwa in wanke duk namijin da ya zo sayen mai ya ce in kira masa maigidan. Ashe ciwon da nake yi wa mutane faɗa a kai, ni ma yana jikina. Na ga namiji da kwat, na ga mace, na yanke hukunci kafin kowa ya buɗe baki.

Yanzu kam na yi laushi. Ko akuya ce ta shigo taro tare da baƙi, sai na tambaya a hankali ko ita ce babbar, kafin in ce a kore ta.