Ƙarƙashin Ganye Lafiya Lau

A lambun wardin Gwaggo Asabe, can bayan gida kusa da famfo, kowa ya san matsayinsa. Manya suna saman ganye inda rana take, ƙanana suna ƙarƙashi. Majalisa tana zama duk Litinin da hantsi a kan babban ganyen tsohuwar bishiyar wardi. Hawainiya ce shugaba, don ita kaɗai ce duk wanda ya yi magana sai ta ɗauki launinsa, ya zauna yana murna an goyi bayansa.

Doka ɗaya suka gada kaka da kakanni, kuma ba wasa da ita: ɗan majalisa ba ya leƙa ƙarƙashin ganye. Zubar da girma ne. Wanda ya sunkuya ya leƙa, to ya sauka daga kujera ke nan. Shi ya sa aka damƙa ƙarƙashin ganye a hannun cinnaku. Duk zama sai babbansu, Wakili Ɗanjuma, ya miƙe ya gyara murya ya ce, "Ranki ya daɗe, ƙarƙashin ganye lafiya lau." A ce madalla, a shafa addu'a, a watse.

To a ƙarƙashin nan Tabawa take zaune. 'Yar ƙwaro ce ja mai ɗigon baƙi a baya, irin wadda yara ke ɗorawa a yatsa. Ta san abin da ke wurin sarai, don shi ne abincinta. Darɓa ce, ƙananan ƙwarin nan kore-kore masu kama da kwarkwata, da suke kafa baki a jikin sabon toho su yi ta tsotsa ba ɗagowa. Abin da suka tsotsa yana fita ta bayansu da zaƙi, cinnaku su bi suna tatsa. Ka dai gane, darɓa shanun Wakili ne.

A bana Allah ya ba Tabawa 'ya'ya talatin. Ranar da suka ƙyanƙyashe, ita kanta sai da ta yi salati. Baƙaƙe, dogaye, jiki duk ƙaya-ƙaya, kamar an ƙanƙanta kada. Sai ta tuna ita ma haka uwarta ta gan ta, ba ta yar ba. Ta ce, "Allah ya raya. Ku tashi ku ci." Ci kuwa masha Allah. Kafin la'asar kowanne ya share darɓa ashirin. Wakili ya zo tatsa, ya tarar reshe guda an lashe shi tas. Ya dai tsaya ya kalle su ɗaya bayan ɗaya, ya tafi.

Litinin ta zo, Zuma ta miƙe da ƙara.

"Ranki ya daɗe, 'yan majalisa masu daraja. Kwana takwas ina zagaye, fure bai buɗe ba. Toho ya ƙanƙance. Ganye ya naɗe ya yi rawaya, ka taka ƙafarka ta manne, wani ma ya yi baƙi kamar gindin tukunya. Akwai mai ɓarna a lambun nan. A nemo shi."

Hawainiya ta koma ruwan ɗorawa irin na Zuma, ta ce lallai a nemo shi. Aka kafa kwamitin tantance maɓarnata. Da yake ɓarnar daga ƙasa take tasowa, aka ga ba wanda ya cancanci shugabancinsa sai Wakili.

Kwana uku ya gama. Aka kira zaman gaggawa, aka aika wa Tabawa ta zo da 'ya'yanta. Jikinta ya ba ta. Kafin ta hau, ta ciro wata darɓa ƙosasshiya ta riƙe a baki, don a ga abin da ido.

Wakili ya miƙe.

"Ranki ya daɗe, kwamiti ya yi aiki ba sani ba sabo. Mun gano alamun maɓarnaci guda huɗu. Na ɗaya, mummuna ne. Na biyu, baƙo ne, bara ba a gan shi ba. Na uku, duk inda ɓarna take nan za ka same shi. Na huɗu, ba ya ƙoshi. Ba mu ambaci sunan kowa ba. Majalisa ta duba da kanta."

Majalisa ta duba. 'Ya'yan Tabawa suna jere a bakin ganye, ɗaya yana lasar ƙafa.

Ƙoƙi-ƙoƙi ne alƙali, wannan da kullum hannunsa a sama kamar mai addu'a, Allah kaɗai ya san me yake roƙo. Ya yi jawabi a kan muhimmancin kyan fuska ga zaman lafiya. Malam-buɗe-littafi ya goyi baya, shi da watan jiya tsutsa ne yana huda ganye. Fara ta yi nata jawabin da cikakken baki, gefen ganyen da ake zaune a kai take ci. Rana ta take. Tabawa tana tsaye, darɓa a baki, yawu yana taruwa.

Can aka ce, "Uwar waɗanda ake tuhuma."

Ta matso ta durƙusa. "Ranki ya daɗe, ni ba jawabi na iya ba. 'Ya'yana ba sa cin ganye, ko an ba su ba za su ci ba. Darɓa suke ci. Darɓa ce ke shanye tohon nan, ita ce ke sa ganye ya yi danƙo, a kan danƙon nan baƙin yake fitowa. Inda ɓarna take kuke ganinsu, don nan ne aikin yake. Na ma zo da ɗaya ku gani."

"Tana ina?" in ji alƙali.

Tabawa ta laluba bakinta. Ba komai. Ta sake lalubawa.

"Allah ya gafarta malam," ta ce, "na haɗiye."

Wuri ya kaure da hayaniya. Wakili ya ɗaga hannu, murya a sanyaye. "Kun gani? Har shaida ba su bari ba. Abin a jini yake."

"Jawabin ne ya yi tsawo!" in ji Tabawa. "Kai Ɗanjuma, ka ji tsoron Allah. Ba jiya na gan ka kana ɗauke su a ka kana kai su sabon reshe ba? Jama'a, ba sai an wahala ba. Ganyen nan da muke kai, a ƙarƙashinsa sun fi ɗari biyar. Mutum ɗaya ya sunkuya, ɗaya tak!"

Fara ta daina tauna. Malam-buɗe-littafi ya rufe fukafukai yana a'uzubillahi.

Ita Hawainiya ba sai ta sunkuya ba, idonta kowanne da hanyarsa. Tabawa tana kallo idon hagu ya zame a hankali, ya bi gefen ganye, ya leƙa. Wuyan shugaba ya yi kore shar, irin koren darɓa sak. Sai idon ya dawo, ya sauka kan cinnakun da suka cika reshen gaba da baya. Ta koma baƙa ƙirin.

"Majalisa ba ta ji maganar ƙarshe ba," ta ce. "Alƙali."

Alƙali ya ce hukuncin maɓarnaci kisa ne, kuma don rage wa jama'a wahala shi zai zartar da kansa. Ya goge baki.

Tabawa ba ta tsaya kuka ba, ba lokaci. Ta ce, "Allah ya gafarta malam, ɗaci ne da su. Ɗanɗana ɗigon nan." Ta matse gwiwarta, ruwan nan rawaya mai wari da irinsu ke fitarwa ya fito. Alƙali ya lasa, ya yamutse fuska. Ya ɗan yi tunani, ya ce shari'a ma ta san tausayi. Aka mayar da hukunci kora, kafin azahar.

Ta sa su gaba, suka gangara bishiya, suka ratsa ƙasa mai zafi, cinnaku suna rakiya da cizo. Suka hau katanga suka faɗa cikin kuɓewar maƙwabta. Talatin suka fita, ashirin da bakwai suka isa. Ta yi innalillahi, ta share ido, ta ɗaga ganyen kuɓewa. Darɓa maƙil. Ta ce, "Ku yi bismilla."

Labarin lambu Zuma ce ke kawo mata, in ta tsallako shan furen kuɓewa.

"Yaya Tabawa, ba kyau. Yanzu darɓa har saman ganye sun hawo. Majalisa ta ce baƙi ne masu kallon zama."

Wata rana ta zo a jiƙe tana tari.

"Gwaggo Asabe ce. Ta zo da safe, ta sa yatsa ɗaya ta juya ganye. Yatsa ɗaya, Yaya! Ta ce kai, kai, kai. Ta jiƙa ganyen darbejiya kwana biyu, ta tace, ta ɗan kaɗa sabulu a ciki, ta bi ƙarƙashin ganye tana fesawa. Rassan da suka lalace ta yanke ta ƙone, ta zuba toka a gindi don cinnaku. Ta yi ta dube-dube tana cewa ina jajayen nan da baƙaƙen 'ya'yansu suka shiga ne."

"Majalisa fa?"

"An rubuta an yi ruwa mai ɗaci. An kafa kwamiti."

"Ɗanjuma ne shugaba?"

"Wa kike tsammani? Tun kafin feshi ya kwashe shanunsa ya shige rami da su. Da ruwan famfo ya wanke tokar, sai Ɗanjuma ya dawo da su. Toho ɗaya ya rage a lambun duka."

A kwanakin nan 'ya'yan Tabawa suka maƙale a ganye suka daina motsi, kamar yadda irinsu ke yi. Bayan mako fata ta tsage, suka fito. Kafin yamma sun yi ja jawur, ɗigon baƙi ras a baya, suna sheƙi.

Washegari da hantsi sai ga Wakili a kan katanga, da rakiya. Bai gane kowa ba, har Tabawa, don shi duk jajaye ɗaya ne. Ya yi gaisuwa mai tsawo.

"Majalisa ta samu labarin ƙwarewarku, da kuma kyanku. Ta yanke ku zo ku ceci tohon da ya rage. Don girmamawa, an ba kowannenku kujera. Daga yau ku 'yan majalisa ne."

"'Yan majalisa," in ji Tabawa. "Ke nan ba leƙa ƙarƙashi."

"Haba Hajiya, ina ke ina ƙarƙashi? Wannan namu ne."

"In muka haihu fa?"

"Ku haihu mana, Allah ya raya. Sharaɗi ɗaya ne, su fito jajaye kamarku. Mun sha wahalar wasu baƙaƙe kwanan baya, da ƙyar muka rabu da su."

Ashirin da bakwai suka juyo suna kallonsa. Tabawa ta ce, "Ka gaida shugaba. Ka ce mata mun gode, muna da aiki."

Ta zagaya ƙarƙashin ganyen kuɓewa, inda za ta jera sababbin ƙwai. Ta share wurin, ta ce wa babbar 'yarta ta matso da darɓa kusa, masu fitowa da yunwa suke fitowa.

Litinin ta zagayo. Zuma ba ta tsallako da labari ba, ta tsallako da kayanta ne gaba ɗaya. Ta ce tohon nan ya faɗo ana tsakiyar zama, ya wuce ta gaban hancin shugaba. Aka jira har ya kai ƙasa. Sannan Wakili ya miƙe ya gyara murya, aka ce madalla, aka shafa addu'a.