Ranar da Kwamfuta Ta Tona Min Asiri

A makarantarmu ni ake kira Injiniya, ba don na karanta komai a fannin ba, sai don bakina ba ya shiru in ana maganar kwamfuta. Ranar taron iyaye da malamai aka damƙa min harkar sauti, na kuwa karɓa da rawar jiki, saboda takardata ta tafiya ƙaro karatu tana kan teburin shugaban makaranta, Malam Mainasara, wata uku tana jiran sa hannu. Na ce yau zan burge shi. Kwamfutar tana da katin sauti biyu, wato na'urar da ke fitar da murya: na cikinta, da wanda na jona ta waje. Kwamfutar lamba take ba su, kuma daga sifili take farawa. Na duba da kyau: sifili yana zuwa abin sauraron da na sa a kunne, ɗaya yana zuwa manyan lasifikan zauren. Har a tafin hannu na rubuta. Ana cikin zama aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto, na sake kunna kwamfuta. Abin da ban sani ba, a duk tashi wanda ta fara gani shi take ba sifili. Ashe lambobin sun musanya, ni kuwa ina nan da rubutun tafin hannuna.

Kafin shugaba ya hau mumbari, na ce bari in gwada sauti a kunnena ni kaɗai. Na zaɓi sifili, na danna abin da ya fi kusa, wato muryata da na ɗauka jiya a ɗakin malamai ina kwaikwayon jawabinsa, har da tarin nan nasa mai hawa uku. Shiru, ban ji komai ba. Na ƙara murya. Shiru. Na ƙure ta har ƙarshe, ina tsaki ina cewa kayan zamani ba su da aminci. Can na ɗaga kai, na ga wani dattijo a layin gaba yana share hawaye da hularsa, mata kuma sun rufe baki da mayafi kafaɗu na rawa.

Hannu na ji ya zare min abin sauraron daga kunne. Malam Mainasara ne, a bayansa kuma lasifika tana tari.

"Injiniya, sannu da aiki."

"Ranka ya daɗe, ba da gangan ba ne. Kwamfutar ce ta musanya lambobi. Ka ga, da wannan ne sifili, wancan ɗaya, to da aka ɗauke wuta..."

"Na gane. Ita ce kuma ta iya tari irin nawa?"

Na sunkuyar da kai ina kallon tafin hannuna, gumi ya riga ya wanke rubutun. Da ƙyar na ce, "A yi haƙuri, ranka ya daɗe. Na san maganar takardata ta mutu."

Ya gyara babbar rigarsa, ya yi tarinsa na ainihi, ya ce, "A'a, yau ɗin nan zan sa mata hannu. Makarantar nan ta yi ƙanƙanta da shugabanni biyu."