Gonar Waken Surukina

Har in mutu ba zan manta ba: na sa an tuge waken surukina kaf, yana cikin fure, saboda jirgin sama da ko ƙurarsa ba ta kai gonar ba.

Da damina ne, a ƙauyenmu da ke yamma da Illela, shekaru kaɗan kafin babban fari. Matata Hajo ta kwana biyu tana naƙuda, abu ya ƙi. Ruwa ya yanke hanya, mota ba ta shigowa. Maigari ya tura mai doki Illela, ya dawo da takarda. Malamin lakwal, wato makarantar boko, ya karanta mana: gobe da hantsi ƙaramin jirgin likita zai zo ya ɗauke ta. A share fili taki ɗari uku, a cire duwatsu da kututture, a hura wuta mai hayaƙi don matuƙi ya ga inda iska ta nufa.

Muna da fako a bayan gari, taki ɗari huɗu. Ya isa har da saura. Sai na buɗe baki.

Ni tsohon soja ne. Na sha yunwa, na sha tafiyar ƙasa, an harbe ni a cinya ban mutu ba. Na kuma yi gadin filin jirgi a Yamai wata shida (gadi kawai, ko tayar jirgi ban taɓa taɓawa ba, amma wannan ban faɗa wa kowa ba). Jiragen da na gani manya ne, sai sun yi gudu kamar daga gari zuwa gari kafin su tsaya.

Na ce, "Takardar ga ta yi kuskure. Taki dubu ake nufi."

Malamin lakwal ya ce, "Soja, ɗari uku aka rubuta."

Na ce, "Kai ka taɓa ganin jirgi ya sauka?"

Maigari ya ce, "To ai bayan fako gonar Malam Idi ce."

Malam Idi shi ne uban Hajo. Ban taɓa haɗa ido da shi ba. In na hango shi sai in cire takalmi in durƙusa, ko in sake hanya. Hajo kuma 'yar farinsa ce, ko sunanta ba ya kira. Maigari ne ya je ya faɗa masa, ni ina bayan rumbu ina saurare.

Malam Idi ya ce, "Soja ne ya ce?"

"Shi ne."

"To shi ya san jirgi. In don yarinyar nan ne, a tuge."

Aka yi gayya. Daga azahar zuwa faɗuwar rana muka tuge waken nan, muka baje kunyoyi, muka daddaɓe ƙasa da ƙafa. Malam Idi ya tuge da hannunsa. Abin da zai ci da gidansa ke nan, da harawar awakinsa.

Da safe na sa tsohon kakina. Na ce a kai Hajo can ƙarshen gona, nan jirgi zai tsaya. Aka ɗauke ta a kan gadon kara, mata na biye, maigari da dattawa na biye. Na tsaya gaba na ƙame.

Jirgin ya zo. Ɗan abu ne, farfela ɗaya, fuka-fukai a sama, ƙafafu sirara kamar na fara. Ya zaga sau ɗaya ya duba hayaƙi, ya juyo ya fuskanci iska, ya yi ƙasa a hankali kamar zai tsaya a sama. Ya dira a bakin fako, ya yi tsalle ɗaya, ya mirgina kaɗan, ya tsaya. Ko rabin fakon bai ci ba.

Mu kuwa muna can nesa, ni da hannu a goshi ina sara wa iska.

Sai muka kwasa da gudu, da gado da mai naƙuda, muna tuntuɓe a gonar da na lalata. Hajo tana nishi, amma sai da ta ɗago kai ta ce, "Soja, kai da sanin jirgi."

Matuƙin wani tsohon Bature ne mai gajeren wando, yana jin Hausa. Ya dubi filin har ƙarshensa, ya ce, "Jirgin Makka kuke jira?"

Duk suka juyo suka dube ni.

Na yi wa kaina fata ɗaya: da nauyin Hajo a ciki, wataƙila wajen tashi ya buƙaci gonar. Na tsaya ina roƙon Allah jirgin ya taka ko bakin gonar. Ya ɗaga tun kafin ƙarshen fako.

Bayan sati uku Hajo ta dawo da ɗa namiji. Sunansa Mamman, amma Ɗan Wake ake ce masa har ya yi furfura. Shekarar nan rumbuna ya ciyar da gida biyu, ba wanda ya ce in yi. Malam Idi bai taɓa yi mini maganar ba. Sai dai kowace shekara, ruwan shuka na sauka, zai aiko maigari: "A tambayi Soja ko akwai jirgi bana, kafin in shuka." Shekara goma sha ɗaya yana aiko wannan saƙo, har ya rasu.

Tun daga ranar, in an ce mini ɗari uku, ɗari uku nake ƙirgawa, in rufe bakina.

Yanzu ina nan ƙauyen, ido ya yi rauni. Gonar ta zama gadon Hajo, ni nake noma mata. Wake nake shukawa.