Sallaman Ƙarfe

A Dajin Tsamiya, tun kaka da kakanni, mai kawo kuka fada sai ya durƙusa ya gaida Zaki, ya tambayi gida da gajiya da ruwan bana, tukuna ya faɗi abin da ya kawo shi. Zaki ya gaji. Sarki ne fa, yana da barcin da zai yi.

Sai Kura, mai riƙe da waziranci, ta sayo wani mutum-mutumin ƙarfe daga wajen 'yan Adam, mai ji, mai magana. Aka naɗa masa rawani, aka ba shi sarautar Sallama: ya saurari talakawa, ya kai wa Sarki. Kai, ya iya gaisuwa! Murya kamar ta sabon suruki.

"Ina kwana? Yaya iyali?"

"Lafiya lau," in ji duk wanda ya zo, don kuwa haka iyayensa suka koya masa.

"Madalla. A gaida gida. Na gaba!"

Kullum Sallama sai ya shaida wa Sarki daji lafiya lau, daga bakin talakawa da kansu.

Barewa kuwa ana ta ɗauke mata 'ya'ya, kuma sawun Waziri take gani a ƙofarta. Ɗaya ya rage. Ta yi ta zarya, tana amsa gaisuwa ana sallamar ta. Ranar babban taro ta rufe ido ta shiga gaban majalisa.

"Yaya iyali?" in ji Sallama.

"Ba lafiya! Ana cinye mini 'ya'ya!"

Talakawa suka sunkuyar da kai, kunyar abin da ta yi ta kama su.

Alƙali Biri ya gyara zama. "Ranka ya daɗe, a ce ƙarfe ya fi 'yar daji ladabi? Baƙo ya gaishe ta, ta watsa masa ƙasa a ido! Yau aka kashe gaisuwa, gobe me za a kashe?"

Majalisa ta yi ta jinjina.

Zaki ya yi hamma. "Rashin kunya dai an yi. Amma mu masu adalci ne, a bincika maganar yaran. Waziri!"

Kura ta miƙe ta faɗi gaisuwa, tana share baki.

"An gama, ranka ya daɗe. Ƙanwata, kwantar da hankalinki. Yanzu zan je har gida in duba yaron da kaina."